Hular Kurfi

Ɗan guntun ƙarfen da likitoci suka ciro daga idon Lucien bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A cikin 'yar kwalba aka kawo shi ofishin kamfanin fasa dutse, aka dangwarar a kan tebur gaban Ettore maƙeri, kamar yadda ake ajiye wa ɓarawo kayan da aka kama shi da su.

"Zauna mana, Ettore," in ji Rennie, shugaban ma'aikatan rami.

"Ƙafafuna lafiyarsu lau. Faɗi abin da ka kira ni ka faɗa."

Abin da ya faru kowa a garin ya ji. Lucien yana riƙe da kurfi, wannan ƙarfen mai baki irin na gatari da ƙotar icce, ya ɗora bakin a kan dutse, abokin aikinsa Gaston yana dukan ƙeyar kurfin da babbar guduma, kamar yadda suke yi shekara da shekaru. Tabaran kariya yana goshin Lucien, don da sanyin safiya numfashi kan rufe gilashin. Duka ɗaya, ɓallin ƙarfe ya tashi daga ƙeyar ya shige masa idon hagu. Idon ya tafi. Kurfin kuwa, in ji Gaston, a cikin ruɗanin ya suɓuce ya faɗa ruwan da ya taru a gindin rami, inda ba mai iya nutso ya ɗauko. Lucien ɗin nan kuma mijin Ornella ne, ƙanwar Ettore uwa ɗaya uba ɗaya.

Rennie ya tura kwalbar da yatsa. "Mutumin inshora ya duba. Ya ce ƙarfen nan ya yi tauri kamar gilashi. Ya ce wanda ya ƙera shi ya tsoma ƙeyar a ruwa tana ja."

Ettore ya dube shi har sai da ya kawar da kai. Duk kurfin da ke ramin nan daga hannun Ettore ya fito. Kuma ko ɗan koyon da ya shiga maƙera jiya ya san ƙa'idar: baki ake tsomawa ya yi tauri ya ci dutse, ƙeya a bar ta da taushinta ta sha duka. Mai taurara ƙeya, kisa ya ƙera.

"Shi mutumin naku," ya ce, "ya taɓa riƙe awartaki, ko biro kaɗai ya sani?"

"Gwada da kanka."

Ettore ya zazzage guntun a tafin hannu. Lanƙwasasshe ne kamar ɓawon gyaɗa. Ya zaro magagari daga aljihun baya, ya danne guntun a gefen tebur, ya goga a fuskar da ta tsage. Magagarin ya zame ya yi 'yar ƙara siririya, ko ƙwarzane bai bari ba. Ya sake gogawa. Haka dai. Ƙarar nan ya san ta fiye da muryar matarsa marigayiya: ƙarar ƙarfen da ya sha ruwa da zafinsa ce.

Ya janye magagarin. Ya mayar da shi aljihun baya.

"Ka bar makullin maƙera a nan, kafin a gama bincike," in ji Rennie a hankali.

Ettore ya cillar da makullin, makullin ya daki kofin kofi ya faɗa ƙasa. Ya mayar da guntun cikin kwalba ya sa aljihu.

"Wannan kayan kamfani ne."

"Yanzu ka gama cewa aikina ne. To nawa ne. Zo ka karɓa in kana da hannu biyu na banza."

Rennie bai taso ba.

Garin masu fasa dutsen nan da ke jihar Vermont ta Amurka bai da girma, kuma ba sai an zage ka ba za ka san an gama da kai. A gidan shan giyar da Ettore yake zama tun yana saurayi, kujerun da ke kusa da tasa suka zama babu kowa. A coci, matar da ta saba miƙo masa hannu ta duƙa tana neman wani abu a jakarta. Ya buga wa Ornella waya, ta ji muryarsa ta ce, "Yaya, ba yanzu ba," ta ajiye. Shi da ya yi mata tsaye tun rasuwar ubansu, shi ya riƙe hannunta ya kai ta gaban fada, limamin coci, ranar aurenta, yau shi ne ba yanzu ba.

Yakan zauna a kicin ya juya kwalbar a hannu yana zagin mutumin inshora, ya zagi Rennie, ya zagi kakannin Rennie da suka haye teku suka zo. Amma in zagin ya ƙare, ƙarar magagarin nan na nan a kunnensa. Ko dai wata rana hannunsa ya zarce a bokitin ruwa bai lura ba? Ya rantse bai taɓa ba. Ƙarfen kuwa ya ce an taɓa.

Sai ya tuna da wata mata, Dakta Halvorsen, malamar ilmin ƙarfe a jami'a. Ta taɓa zuwa maƙerarsa neman karyayyun kayan aiki don ɗalibanta, ya cika mata bokiti yana yi mata dariya, wai ga mai digiri tana yawon bola. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tuƙa tsohuwar motarsa har can.

Ta gane shi tun daga bakin ƙofa. "A'a, maƙerin da ya ce in buɗe shagon gwangwan. Ka kawo mini wani kayan?"

"Na kawo. Amma yau ba dariya."

Ya ba ta labari a tsaye. Ta saurara ba ta katse shi ba, sannan ta ce sai ta yanka guntun gida biyu. Ya ce ta niƙa shi ma in tana so. Ta yanka, ta dasa rabin a cikin roba, ta yi ta gogewa har ya zama kamar madubi, ta ɗiga masa wani ruwa mai cin ƙarfe, ta wanke. Ettore yana zaune a kan doguwar kujera yana kaɗa ƙafa, yana jin haushin yadda take komai a natse. A ƙarshe ta sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta duba, ta daɗe, sannan ta matsa.

"Sa idonka. Gaya mini abin da ka gani."

"Na ga kamar tsakin masara an danne shi."

"Ƙwayoyin ƙarfen ke nan. Duk ƙarfe haka yake a ciki, ƙwaya jikin ƙwaya. Sai me kuma?"

"Ga wani farin zare ya ratsa. Ga wani can. Tsakin da ke gefensu duk ya kwanta, kamar ciyawar bakin rafi bayan ruwa ya wuce."

"To. Da kai ka tsoma ƙeyar nan a ruwa, da duk abin da kake gani ya yi tauri, gefe zuwa gefe. Na gwada. Baƙin nan duka mai taushi ne, yadda ka bar shi. Farin zaren kaɗai ke da tauri, kuma bai kai kaurin gashi ba. A kansa ƙarfen ya tsage, shi ya sa fuskar da ka goga ta ƙi cin magagari. Kai da mutumin inshora fatar kuka taɓa."

Ettore ya ɗago. "To wa ya taurara zaren, in ba ni ba? Aljanu?"

"Guduma." Ta ɗauko karta daga aljihun tebur, ta ajiye, ta tura saman da tafin hannu, katunan suka zame kowanne kaɗan-kaɗan. "Kowace ƙwaya haka take ba da kai, falle yana zamewa a kan falle. In a hankali ka matsa ƙarfe, kowa ya ɗauki rabonsa, ɗan zafin da ya taso ya watsu. In kuwa duka ne mai sauri, zafin ba ya samun lokacin guduwa. Wuri ɗaya ya ɗan fi zafi, sai ya fi taushi. Da ya fi taushi, sai duk zamewar ta koma can. Tana komawa can, ya ƙara zafi." Ta bugi kartar da gefen hannu, rabin sama ya tafi a dunƙule, ya rabu da na ƙasa a layi ɗaya. "Kafin ka ƙifta ido layin nan ya kai zafin wutar maƙerarka. Kafin ka buɗe idon, ƙarfen da ke gefensa mai sanyi ya shanye zafin. Ka ga an gasa, an tsoma, ba wuta ba bokiti."

Ettore ya koma kan kujera ya zauna. Ya kwashe rayuwarsa yana dukan ƙarfe, bai taɓa sanin ƙarfen na yin wata ƙira tasa a ɓoye ba. Ya so ya ji sanyi a ransa, amma sanyin bai zo ba, don ta ci gaba.

"Abin da ban gane ba shi ne yawansu. Zarurrukan nan sun hau kan juna. Wannan daga leɓen ƙeya ya fito, wadda ta baje ta lanƙwaso. Shekaru ta yi tana shan duka ba a taɓa goge ta ba. Ba kwa goge su ne a wurinku?"

"Muna gogewa," in ji Ettore, muryarsa ta sauya. "Duk Juma'a."

Akwai akwatin katako a bakin maƙera. Duk Juma'a kowa ya jefa kurfinsa, Ettore ya wasa baki, ya kai ƙeya kan injin washi ya cinye abin da ya baje, wanda 'yan rami ke kira hula. Ya san tsofaffin ma'aikata ba sa son haka. Suna cewa hula mai faɗi ta fi sauƙin samu da guduma, gogewa na rage nauyi, kuma mai babbar hula kowa ya san ba jiya ya zo ba. Yakan yi musu faɗa, su yi dariya su jefa. Ashe na banzan suke jefawa. A tsaye a ɗakin nan ya shiga bin kurafun da ya ƙera ɗaya bayan ɗaya a ransa, kamar mai kiwo yana duba garke. Akwai guda da ya fita daga hannunsa bai taɓa dawowa akwati ba. Ya san ranar da ya fita, don ranar yana sanye da wannan rigar.

Ya manta bai yi mata godiya ba sai da ya kai mota. Ya koma ya leƙa ya ce, "Na gode, Dakta. Ki rubuta musu." Ya fita.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gidan ƙanwarsa. Bai danna ƙararrawa ba, da hannu ya buga. Ornella ta buɗe, hannunta duk garin masara.

"Yaya, na ce maka—"

"Na ji abin da kika ce. Matsa."

Lucien yana kan kujera a falo, rabin fuskarsa a naɗe, talabijin na yi ba murya. Ya rame. Da ya ga mai shigowa sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Yaya maƙeri. Ka zo ganin aikinka? Yanzu rabin muninka kaɗai nake gani, ka ga na ci riba."

"Ina kurfin?"

"Wane kurfi? Yana ruwa."

"Wanda na ba ka ranar aurenku. Wanda na buga harafinka da nata a wuyansa. Kusan shekara ashirin, ko sau ɗaya bai shiga akwatina ba. Ina yake?"

Ornella ta shiga tsakaninsu. "Mutum na kwance da ido ɗaya, ka shigo masa gida kana tuhumarsa? Ba ka da kunya, Yaya?"

"Kunyata tana ofishin Rennie tare da makullina. Tambayi mijinki."

Ta juya. Lucien yana kallon talabijin ɗin da ba ya magana.

"Lucien?"

Bai dube ta ba ya ce, "Yana ƙasa. A cikin kwanon abincina, bayan tukunyar ɗumama gida. Gaston ya kawo."

Ornella ta nufi matakala. Suka ji takunta tana sauka, suka ji tana hawowa. Ta ajiye kwanon a kan tebur ta buɗe. An cire ƙotar. Ƙeyar ta baje ta lanƙwaso ta ko'ina kamar lemar kwaɗi, leɓen duk tsaga, ga gurbi sabo fil yana ƙyalli. Ettore ya fito da rabin guntun da ya rage, ya ɗora. Ya zauna daram.

"Ka san ba ni ba ne," ya ce. "Kana kwance a asibiti ka sani. Kana jin ana cewa Ettore ya tsufa, hannunsa na rawa, ya makantar da surukinsa, ka sani."

"Ban san wane ne ba! Sun ce ƙarfen ya yi tauri. Na ce to, wataƙila."

"Wataƙila ne ya sa aka ɓoye shi a bayan tukunya?"

Lucien ya shafa bandejin. "Rabin 'yan rami kowa na da nasa a ɓoye. In kamfani ya ga wannan, za a fasa akwatin kowa, a kori na kora. Gaston ya ce kai ba abin da za a yi maka. Ya ce ba su da wani maƙerin, za su ɗan ja maka rai su dawo da kai."

"Wato zama kuka yi kuka auna. Kuka ce wa ya fi arha, sai kuka ga ni."

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya da bakin nan. Ni aikin za a dawo mini da shi, sunan fa? Wa zai dawo mini da shi? Duk wanda ya riƙe kurfina daga yau sai ya kawar da fuska. Kai ido ka rasa, na sani, na yi kuka a mota kamar yaro ranar da aka gaya mini. Ni kuma kuka kwashe shekara talatin ɗina kuka jefa a ruwan rami, kuka ce ya suɓuce."

Ornella ta ɗaga ƙarfen tana juyawa. Dab da ƙarƙashin hular ga harufa biyu, nasa da nata, leɓen ƙarfe ya kusa rufe su.

"Me ya hana ka kai a goge?" ta tambaya.

"Kin san hannun yayanki a kan inji. Ba ya tausayi. Gogewa kaɗan zai kai kan harufan."

Ta dube shi. "Wato saboda harafi. Ni ina nan da raina, ina dafa maka abinci, kai kana can kana gadin sunana a jikin ƙarfe har ka ba da ido. Ka bar ni na ajiye wa ɗan'uwana waya." Ta tura ƙarfen ƙirjin Ettore da ƙarfi, har sai da ya ja baya. "Ɗauka. Ka cinye harufan duka, kada ka bar ko ɗigo. Kai kuma gobe za ka sa takalmi, ni zan tuƙa ka."

"Likita ya ce—"

"Likita bai ce bakinka ya mutu ba."

Washegari da tsakar rana 'yan rami suna cikin rumfar cin abinci, kowa da kwanonsa, murhu na ci. Ettore ya shigo ba sallama, ya sauke kurfin a tsakiyar tebur har cokula suka yi tsalle.

"Gaston, ga abin da ya faɗa ruwa. Ka ga ko tsatsa bai yi ba. Ruwan ramin nan albarka gare shi."

Ba wanda ya tauna abin da ke bakinsa. Lucien yana tsaye a bakin ƙofa, Ornella a bayansa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce nasa ne, ya ce shi ya ɓoye shi daga akwati, ya ce maƙeri bai da laifi. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Gaston ya ture kwanonsa. "To an ji. Sai me? Ubana da hula ya yi aiki har ya mutu, idonsa biyu."

"Ubanka ya yi sa'a. Ku sauke tabaranku kan idanunku. Ku sauke, na ce."

Suka sauke, wasu suna gunaguni. Ettore ya sa nasa, ya kwantar da kurfin a kan sandar ƙarfen da ke bakin murhu, ya ɗauki ƙaramar guduma, irin wadda mace ke kafa ƙusar hoto da ita. Ya ɗan ƙwanƙwasa leɓen hular. Wani ɓalli ya tashi, ya daki bututun murhu ya yi ƙara, ya faɗo gaban Gaston yana juyi.

"Kowace hula da kuke ɓoyewa cike take da wannan," ya ce. "Ba ni na sa ba, ku kuka sa, duka bayan duka. Malamar jami'a za ta aiko da bayani, mai iya karatu ya karanta wa Gaston."

Rennie, da ya shigo tun ɗazu ya tsaya a gefe, ya zaro makulli ya miƙa. "An yi kuskure, Ettore."

"Kuskure shi ne mutum ya sa gishiri a kofi. Wannan shawara aka yi." Ya fizge makullin. "Zan buɗe, amma wuta ba za ta tashi ba. Ba zan wasa bakin kurfi ko ɗaya ba sai na ga na ɓoyen a akwati. Ku fasa dutsen da haƙoranku."

Ya wuce ta gaban Lucien bai dube shi ba. Maƙerar ta yi sanyi, tana warin toka. Ya kunna injin washi, ya kama kurfin da hannu biyu, ya danna ƙeyar. Tartsatsi ya zubo masa a kan takalmi. Hular ta tafi, tsagar ta tafi, amma yana ganin wata siririyar tsaga ta nutsa ƙasa, ya bi ta. Harafin Lucien ya fara tafiya, sannan na Ornella. Bai sassauta ba sai da ƙarfen ya fito fes.

Yana cikin haka ya ji wani abu mai nauyi ya faɗa akwatin katako a bakin ƙofa. Bai juya ba. Can ya ji na biyu, tare da muryar wani yana zagi ƙasa-ƙasa. Ya jira na uku, bai zo ba. A lissafinsa sun fi goma.

Ya kashe injin, ya jawo kujera ya ajiye dab da akwatin, ya zauna ya harɗe hannuwa yana fuskantar rumfar.